Kada Ta Ga Rana

"Kwana bakwai," in ji Jesse, yana bubbuga shimfiɗar da tafin hannunsa. "In ta yi maka, keke ya zama na madam. In ba ta yi maka ba, ka dawo min da ita yadda na ba ka, ka ɗauki kekenka. Ba rigima, ba zuwa gaban kowa."

Malam Rufa'i Tela ya gyaɗa kai, ko a ce ya yi niyyar gyaɗawa, don wuyan ya daɗe da daina jin maganarsa. In zai dubi mutum sai ya juyo da kafaɗu da ƙirji gaba ɗaya. Haka ya juyo ya dubi kekensa na surfani, wanda mai Keke Napep ya sauke a bakin shagon, sannan ya miƙa wa Jesse hannu suka tafa.

Shekara talatin da biyar ke nan yana ɗinki a unguwar Dawaki. Ciwon daga ƙugu ya fara, ya yi ta hawa a hankali kamar mai neman wurin zama, har ya samu wuya ya zauna. Da aka yi masa hoton ƙashi a asibiti, likita ya faɗa masa abu huɗu: ya rage zama a kan keke, ya sauya kujera, ya riƙa zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, ya gyara wurin kwanciya. Ya auna maganar a hanyarsa ta komawa shago. Rage zama rage abinci ne. Kujerar kuwa ita ce daidai tsayin kekensa. Gashi yini guda ne a layi. Na huɗun ne kaɗai ake sayarwa a kasuwa, don haka shi ya riƙe.

Jesse mutumin Kaltungo ne, yana da shagon katifu a bayan babbar kasuwa. Wani otal ne ya sa ya kawo shimfiɗun leteks da ake ɗorawa a kan katifa, aka kwashe, uku suka rage masa. Sun yi wata biyar a jingine, don duk wanda ya ji kuɗinsu sai ya yi dariya ya sayi soso. Matarsa Dokas kuma, wadda yake kira madam, tana ɗinkin mata a gida, ta daɗe tana damunsa da maganar keken surfani. Shi kuwa Malam Rufa'i ba shi da kuɗin, amma yana da keke biyu. Abin da ya haɗa su ke nan.

Kafin a kai ga tafa hannun sai da aka sha zaɓe. Malam Rufa'i ba yaro ba ne a kasuwa. Ya mintsini gefen ta farko, ya shanshana, ya leƙa ƙananan hujojin da ke jikinta.

"Anya, Jesse? Ba soso ba ne aka hudahuda aka sa masa sunan Turawa?"

"Ɗaga ka ji, Baba Tela."

Ya kama kusurwa ɗaya ya ɗaga, bayansa ya amsa, ya sake ta da sauri.

"Ka ji nauyi? Ƙaron itacen roba ne. Soso in ka danna shi sai ya yi shawara kafin ya dawo. Wannan kafin ka ɗauke hannu ta riga ta taso. Amma da hannu ba a zaɓa. Cire takalmi ka kwanta."

Aka shimfiɗa su a dandaɓen shago, dattijo da furfurarsa ya kwanta cikin kaftani, masu wucewa suna leƙe. Mai inci biyu, ya ji siminti a ƙashin ƙugunsa. Mai inci huɗu laushi gare ta kamar kitse, ya nutse har ya lumshe ido, amma da ya zo tashi sai da Jesse ya kama shi da hannu biyu.

"Wannan ta masu lafiya ce," in ji Jesse. "Daɗi yau, kuka gobe. Da baya kake kwana ko da gefe?"

"Da gefen dama, kamar kowane mutumin kirki."

"To hau ta tsakiyar."

Mai inci uku ce, ba tauri ba laushi. Kafaɗarsa ta shiga kaɗan, ƙugu ya shiga kaɗan, tsakiyar ta tokare shi. Jesse ya durƙusa ya cusa hannu ta ƙarƙashin kwiɓinsa, hannun bai samu hanya ba.

"Ka gani? Ba rata. Bayanka ya miƙe kamar layin awo. Saura tambaya ɗaya. Katifar da za ka ɗora ta a kai, ba ta yi rami ba? Don ita wannan ba ta gyara rami, bin sa take yi."

"Lafiyarta lau," in ji Malam Rufa'i.

Katifar nan shekararta goma sha takwas, kuma ɓangarensa ya yi kwari har in ya kwanta sai ya gangara ciki. Amma magidanci ba ya kwance wa mai shago sirrin ɗakinsa a gaban 'yan kasuwa.

Da ake naɗe ta cikin rigarta mai zif, Jesse ya ɗaga yatsu biyu. "Abu biyu, Baba Tela. Kada ta ga ruwa. Kada ta ga rana. Rana ce ajalinta."

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa. A ransa yana ganin ya yi ciniki irin na masu wayo. Saura mako biyu a kama azumi, aikin Sallah bai yi zafi ba tukuna. In baya ya warke, da keken ƙafa ma zai tara abin sayen wani. In bai warke ba, ya karɓi kekensa kafin shaddodi su taru. Ta ko'ina ya duba bai ga inda zai faɗi ba.

Wuri ɗaya ne bai duba ba, wato gidansa a unguwar Kagarawal. Keken surfanin nan ba da guminsa kaɗai aka saye shi ba. Shekara goma da suka wuce matarsa Khadijatu ta sayar da san da ta gada a Dukku, ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta ajiye masa a gaba. Har yau in ta biyo ta shago takan shafa kan keken ta ce, "Ina kwana, bijimina." Don haka da ta ga ana shigo da naɗaɗɗen abu ta tambaya, sai bakinsa ya riga shi.

"Wani kwastoma ne a unguwar Federal Low-Cost ya ba ni. Ya ga yadda nake tafiya ya tausaya."

"Allah Ya saka masa da alheri," in ji ta. Ta sunkuya ta shanshana, ta yamutsa fuska. "Amma Malam, warin taya take yi."

"Sabunta ce. Zai fita."

Maganar rana ta zo masa har bakin harshe. Sai ya tuna halin Khadijatu: in ka ba ta doka ɗaya sai ta nemi dalili, dalili ya jawo sunan mai kyautar, sunan ya jawo lambar gidansa don ta aika da godiya. Ya dubi nauyin abin, ya dubi matar da ba ta kai buhun masara ba, ya ce a ransa ina za ta iya ɗaga wannan. Ya haɗiye maganar.

Safiyar farko ya tashi yana jin kamar da sauƙi, har ya ba maƙwabtansa na shago labari. Safiya ta uku wuyan na nan yadda yake. Ta biyar a zaune ya yi sallar asuba, ruku'u ya gagara. Shimfiɗar ta yi abin da Jesse ya ce, ta bi ramin ta kwanta a ciki, sai dai yanzu ramin ya ƙara laushi. Ga shi kuma bana mutane sun yi sammakon kawo ɗinki. Alhaji Ibrahim Khalil shi kaɗai ya ajiye shadda shida, tasa da ta 'ya'yansa, kowace da aikin wuya da na aljihu. Ya dubi gurbin da keken yake zama ya ce, "Tela, ina injin?"

"Yana wurin gyara, Alhaji. Litinin zai dawo."

Ranar Litinin ya jira Khadijatu ta tafi gidan suna, ya kira mai Keke Napep suka naɗe shimfiɗar a cikin rigarta suka ɗaure da igiya. Daga Kagarawal zuwa kasuwa babu ramin da bai ji a ƙashin wuyansa ba. Ya tallafe haɓa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da igiyar, yana lallashin kansa: ba a yi asarar komai ba, mako guda ne ya tafi.

Yana shiga shagon ya hango kekensa a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

"Ko zare ba mu saka masa ba," in ji Jesse. "Madam kullum sai ta zo ta buɗe ta kalla ta rufe. Ba ta yi maka ba ke nan?"

"Ba ta yi ba. Ga kayanka."

"Ba komai. Alkawari ne."

Jesse ya kwance igiyar, ya baje ta a ƙasa, ya ja zif. Sai ya yi wani ɗan fito. Fiton ne ya sa Malam Rufa'i ya juyo da jikinsa duka.

Abin da ya bar shagon nan fari kamar madara ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, irin na gasasshen burodi. Jesse ya goga babban yatsansa a kai, gari ya biyo yatsan. A tsakiya, daga gefe zuwa gefe, wani layi ya tsattsage.

"Baba Tela, ta sha rana."

"Wace rana? A ɗaka take! Ni na kwana a kanta!"

"Ban ce ba ka kwana ba."

"To ruɓaɓɓiya ka ba ni. Dama shi ya sa ta yi wata biyar ba wanda ya taya. Ka ga dattijo da ciwo ka ce ga kasuwa ta zo!"

Maƙwabtan shago sun fara matsowa. Jesse bai ɗaga murya ba. Ya kifa gefe ɗaya ya nuna masa cikinta. Fari tas, in ban da layin tsakiya inda wani abu mai kaushi ya kankare ta. Sannan ya ɗauki tsinken ashana ya zura a ɗaya daga cikin hujojin, ya zaƙulo wani ɗan abu ya ɗora a tafin hannun Malam Rufa'i. Busasshen furen dogon yaro ne. Ya zura a na kusa da shi, ya fito da wani.

"Ni ba ni da bishiya a shago," in ji Jesse. "Wannan layin kuma kan katanga ne. An rataya ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Malam Rufa'i ya tsaya yana kallon furen. A tsakar gidansa akwai dogon yaro, reshensa ya sauko daidai kan katangar da ke raba su da maƙwabta. A kan katangar nan, tun ranar da suka tare, babu tabarma, babu bargo, babu filon da bai hau ba. Ya zauna a kan tarin katifu.

"Jesse," ya ce, muryarsa ta sauka, "ka dube ni. Shaddar mutane goma sha tara ce a shagona."

"Na dube ka, Baba. Kai ma dube ni. Wa zan sayar wa wannan? In na karɓa, kuɗina ne ya zama gari. Na ce maka ruwa, na ce maka rana. Ga Mu'az mai labule nan, a gabansa na faɗa."

Mu'az ya sunkuyar da kai. "An faɗa, Malam."

"To ka ba ni keken zuwa bayan Sallah. In na gama aikin mutane sai in dawo da shi."

Jesse ya yi ɗan murmushin da ba na mugunta ba. "Kai ɗan kasuwa ne. In kai ne, za ka bayar?"

Malam Rufa'i ya san amsar.

Jesse ya shafa ƙeya, ya dubi keken, ya dubi dattijon. "Ga abin da zan iya. Madam ba ta iya surfani ba tukuna. Gidanmu ba nisa da nan. Ka riƙa zuwa da shaddodinka bayan azahar kana yi a can, tana kallo tana koyo. Ba na son ka ji kunya a gaban mutanenka. Amma keke nata ne."

Aka mayar da shimfiɗar cikin rigarta, aka ɗaure da igiyar da ta zo da ita. Da zai fita ya bi ta kusa da kusurwar, hannunsa ya ɗan taɓa zanen gadon, ya wuce.

Duk hanyar komawa yana tara maganar da zai faɗa mata. Ya shirya ta farko, ya shirya ta biyu, ya shirya har inda zai ɗaga murya. Ana kiran la'asar suka isa. Khadijatu ta dawo daga suna, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta miƙe da ta ga ana shigo da kayan.

"Au, kai ka ɗauke ta? Na shiga ɗaki na ga wayam, gabana ya faɗi. Na ce ko mai kyautar ne ya yi nadama."

Ya sallami mai keken. Ya tsaya a ƙarƙashin dogon yaron, ya juyo gaba ɗaya ya dubi katangar.

"Khadijatu, kin shanya abin nan?"

"Kullum!" ta ce, fuskarta ta washe. "Kana fita nake kiran Batul 'yar maƙwabta ta kama min, don nauyinta kamar gawar jaki. Mu cire rigar in wanke, mu ɗora ta nan ta sha rana har la'asar. Ba ka ji warin ya tafi ba? Kwana biyun farko atishawa ka yi ta yi. Kuma abin da ya fito daga gidan wasu, wa ya san ko da kuɗin cizo?"

Ya buɗe baki. Maganar farko da ya shirya tana nan, amma ita ba ta gama ba.

"Malam, don Allah in ka ga mutumin nan ka ce wata tsohuwa tana sa masa albarka." Ta kai hannu ta dafe ƙugunta ta baya. "Nan wurin, tun haihuwar Najiba ban ƙara tashi da safe ban dafa bango ba. Sai makon nan. Ranar Alhamis na farka na ga har na kai bakin rijiya ban tuna da shi ba. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya."

'Yarsu Najiba shekararta ashirin da huɗu, tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu.

"Bayanki na ciwo?" ya ce.

"Wace macen ce bayanta ba ya ciwo?"

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ka taɓa tambaya?" Ta yi dariya, ba da zafi ba, ta koma kan shinkafarta. "Kai naka ya hana ka neman abinci. Nawa ai bai hana tuwo nuna ba."

Ya tuna ɓangarenta na katifar. Ita ba ta da nauyi, gefenta bai taɓa lotsawa ba. Shimfiɗar da ta bi raminsa, a wajenta miƙewa ta yi sumul, yadda ta yi a dandaɓen shagon Jesse.

Ya nemi turmi ya zauna a kai a hankali, hannu a gwiwa. Maganganun da ya tara tun daga kasuwa ya neme su ya rasa. In ya ce ta yi ɓarna, za ta ce ɓarnar me, ba kyauta ba ce? In ya ce ba kyauta ba ce, sai maganar bijimi.

"Daga yau kada ki ƙara shanya ta," ya ce. "Rana cinye ta take yi."

Ta ɗago da sauri. "Innalillahi! Ta lalace?"

"Sama-sama. A cikin riga za ta ɗan kai mu."

"To Malam, me ya hana ka faɗa min tun ranar farko?"

Ya kalli ƙasa, don nan ne kaɗai wuyansa yake yarda ya kalla ba gardama.

"Kira Batul ku mayar da ita ɗaki," ya ce. "Ku juya ta, farin ya koma sama. In kun gama ki zo ki zauna, akwai maganar da zan faɗa miki a kan keke."

Ta ajiye farantin a hankali. Ba ta tambaye shi wane keke ba.

In za a faɗi yadda cinikin nan ya kaya, to Dokas ta samu keken surfani, ta samu malamin koyarwa kyauta har zuwa jajiberin Sallah. Jesse ya rabu da kayan da suka ƙi tafiya, kuma ba wanda ya ce ya yi cuta. Alhaji Ibrahim Khalil ya karɓi shaddodinsa shida da aikinsu a kan kari. Khadijatu ta rasa bijiminta, ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa dariya ba, amma har damina ta faɗi tana tashi ba ta dafa bango. Shi kuwa Malam Rufa'i, wanda don bayansa aka yi komai, kullum bayan azahar yana ɗauke da shaddodin mutane a hammata, yana sallama a ƙofar gidan Jesse, yana jira a ce ya shigo ya hau kekensa.